Yadda Za Ka Zaga Guangzhou a Jirgin Ƙarƙashin Ƙasa Ba Tare da Ɗan Jagora Ba

Duk ɗan kasuwar Legas da ya fara zuwa birnin Guangzhou na ƙasar Sin saro kaya, daga Agege yake ko Mile 12 ko Alaba Rago ko Idi-Araba, akwai kuɗin da kan zube masa a makon farko wanda bai sa a lissafi ba: kuɗin tasi da na ɗan jagora. Ɗan jagora yana da ranarsa, musamman wajen ciniki da masana'anta. Amma a ce mutum yana biyan wani kullum don kawai ya raka shi daga masauki zuwa kasuwa, wannan asara ce, domin garin yana da jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda kowa ke kira metro, kuma ya ratsa kusan duk inda ɗan kasuwa ke zuwa. An buɗe layin farko a 1997, yanzu tsawon layukan ya haura kilomita 600, a garin da mutanensa suka haura miliyan 18. Kuɗin shiga yana farawa daga yuan 2 (yuan shi ne kuɗin ƙasar), yana ƙaruwa gwargwadon nisa.

Ba sai ka iya Sinanci ba, ba ma sai Turancinka ya nuna ba. Abu uku kake bukata a kowace tafiya, kuma za ka iya rubuta su a bayan rasit: lambar layin, sunan tashar ƙarshe ta ɓangaren da ka nufa, da harafin ƙofar da za ka fita.

Tun kana Legas

In ba ka taɓa shiga jirgin cikin gari ba, je ka gwada na gida tukuna. Jan layi na Legas ya fara ɗaukar fasinja a 2024, daga Agbado zuwa Oyingbo, kuma yana tsayawa a Agege da Ikeja da Oshodi. Shuɗin layi kuwa tun 2023 yake zirga-zirga tsakanin Marina da Mile 2. Sayi katin Cowry, ka ɗora a ƙofa, ka karanta allon tashoshi, ka sauka inda ka yi niyya. Na can ya fi wannan girma nesa ba kusa ba, amma hannunka zai saba da ɗora kati, idonka kuma ya saba da neman allo maimakon neman wanda zai tambaya.

Sai waya. Google da WhatsApp ba sa aiki yadda ka saba a kan intanet ɗin ƙasar Sin, saboda haka duk abin da za ka sauke, sauke shi a nan. Ka sa Alipay da WeChat, manhajojin da ake biyan kuɗi da su a can, ka yi rajista da lambar da za ta iya karɓar saƙo, ka haɗa katin bankinka na dala in kana da shi, ka tabbatar ya karɓu tun kana kusa da bankinka. Ka sa manhajar taswira mai aiki a can, kamar Amap. Mai iPhone kuma taswirar da ta zo da wayarsa tana yi. Ka sauke hoton taswirar metro ka ajiye cikin hotunanka, domin hoto ba ya bukatar data. Ka ce wa otel ɗinka ko ejan ɗin kagonka ya turo maka adireshi da rubutun Sinanci, tare da sunan tasha mafi kusa da harafin ƙofarta. Kar ka yarda da "kusa da Xiaobei" kawai, wato unguwar da 'yan kasuwar Afirka suka saba sauka. Ka ce a faɗa maka harafin.

Ko da Alipay ɗinka ya yi, riƙe tsabar kuɗi, ƙananan takardu na yuan 5 da 10. Waya tana mutuwa, kati yana ƙin aiki a ranar da ka fi bukatarsa.

Daga filin jirgi zuwa Xiaobei

Filin jirgin Baiyun yana arewa da gari, wajen kilomita 30. Tasi zuwa tsakiyar gari kan ci yuan 100 ko fiye, metro kuwa bai kai 10 ba. Gaskiyar magana, in ka sauka tsakar dare bayan doguwar tafiya ta Addis Ababa ko Alƙahira ko Doha, da manyan akwatuna biyu, ɗauki tasi ka huta. Jirgin ma yakan tashi aiki ne wajen ƙarfe 11 zuwa 12 na dare, ya dawo wajen 6 na safe. Amma in da rana ne kuma kayanka jaka ɗaya ce, ga yadda ake yi.

Bi alamar metro har ka sauka ƙasa. Layi na 3 ne ya isa filin jirgi, launinsa ruwan lemo, tashoshinsa biyu a wurin su ne Airport South da Airport North. Kafin ka kai ƙofar shiga za ka tarar da masu binciken kaya. Wannan ba na filin jirgi kaɗai ba ne, kowace tasha haka take: ka ɗora jaka a na'ura, ka wuce ta ƙofar bincike, ka ɗauka a gaba. Wuƙa da almakashi mai tsini da abin da zai iya kamawa da wuta ba sa wucewa. Mai ɗaukar 'yar wuƙar yankan goro ko farce a aljihu ya bar ta a masauki. In akwai gorar ruwa a jakarka za a iya cewa ka fito da ita a duba. Ba wulaƙanci ba ne, haka ake yi wa ɗan gari ma.

Injin tikiti yana da maɓallin Turanci a jikin allonsa. Danna shi, zaɓi lambar layin da tasharka take, wato 5, danna Xiaobei, kuɗin zai fito. Zura takarda ko silalla, sai ya sako maka wani ɗan koren faifan roba mai girman kwabo, da canjinka. Wannan faifan shi ne tikitin, kuma shi zai kai ka har ƙarshe ko layi nawa za ka canza. Wajen shiga ɗora shi ake yi a kan wurin da ke haske a jikin ƙofa, ta buɗe, ka wuce da shi a hannunka. Wajen fita kuwa jefa shi ake yi a ramin da ke jikin ƙofar, ta haɗiye. Kar ka sa shi aljihu ɗaya da silalla, kar kuma ka ba yaro ya riƙe. In injin ya ƙi karɓar takardarka don ta tsufa ko ta yi girma, akwai ɗan ofis mai gilashi a gefen ƙofofin, nan ake yin canji, nan kuma ake kai duk wata matsalar tikiti.

Shiga Layi na 3, ka sauka a Jiahewanggang. Nan za ka canza zuwa Layi na 2, mai launin shuɗi. Ba fita za ka yi ba. Muddin canza layi kake yi, kar ka kusanci ƙofar da ke haɗiye faifai. Bi kibiya mai lamba 2. Ka hau jirgin da ya nufi Guangzhou South Railway Station, ka wuce Sanyuanli, ka sauka a tasha ta takwas, wato Guangzhou Railway Station. Daga nan bi jar alama mai lamba 5, ka hau jirgin da ya nufi gabas, wanda allonsa ke nuna Wenchong ko Huangpu New Port. Tasha ɗaya ce, ka iso Xiaobei. In ka ga Jiaokou a allo, wancan na yamma ne, ba naka ba.

Gane ɓangare

A nan ne baƙi suka fi ɓacewa, saboda haka bari in ɗan tsaya. Mu a Legas kunnenmu muke bi: kwandasta ya rataya a ƙofar danfo yana "Oshodi, Oshodi", ka ji inda za shi, ka afka. A metro allo ne kwandasta, kuma ba ya kiran tasharka, sunan tashar ƙarshe kawai yake nunawa. Kusan kowane layi baki biyu gare shi. Jirgin wannan gefe ya nufi baki ɗaya, na wancan gefe ya nufi ɗayan. Saboda haka kafin ka sauka wurin jira, ɗora yatsa a kan tashar da kake a taswira, ja shi ta kan tashar da za ka, ka ci gaba da ja har ƙarshen layin. Sunan da yatsanka ya tsaya a kai, shi za ka nema a allo.

A saman ƙofofin gilashin da ke raba mutane da hanyar jirgi akwai jerin tashoshi. Waɗanda jirgin ya riga ya wuce an dusashe su, waɗanda ke gaba suna da launi. Nemi sunan tasharka a cikin masu launi. In yana cikin waɗanda aka dusashe, juya bayanka, jirginka yana ɗaya gefen. A cikin tarago ma akwai irin wannan jeri a saman ƙofa, da 'yar fitila mai nuna inda aka kai. Ana sanarwa da harshe uku, Mandarin da Kantonis da Turanci, sai dai yadda suke furta sunayen ba zai yi kama da yadda ka karanta su ba. Wanda aka rubuta Xiaobei, kunnenka zai ji kamar "Shiyawbei". Kar ka dogara da kunne, ƙirga tashoshi da ido.

In ka ga ka yi kuskuren ɓangare ko ka wuce tasharka, ba abin tashin hankali ba ne. Sauka a ta gaba, tsallaka ɗaya gefen, ka dawo. Ba za a caje ka ko sisi a kai ba tunda ba ka fita ba, kuma wani jirgin yana zuwa cikin 'yan mintuna. Shi ya sa babu dalilin gudu ko sa hannu a ƙofa in ta fara ƙara za ta rufe. Lura kuma, ba kowane jirgi ke kaiwa ƙarshen layi ba, wasu a tsakiya suke juyawa, musamman a Layi na 3 mai reshe. In ka ga kowa ya fita an bar ka kai kaɗai, fito ka jira na baya.

Wasu sunaye suna kama da juna har su ruɗa mutum. Akwai Xiao-gang a Layi na 2, akwai Xiaogang a Layi na 8, kuma tsakaninsu tafiya ce. Akwai Sun Yat-sen Memorial Hall, akwai Sun Yat-sen University. Mafi tsada a cikin irin wannan ruɗani shi ne na tashoshin jirgin ƙasa na dogon zango, domin akwai uku daga cikin manyansu da ɗan kasuwa ke cin karo da su: Guangzhou Railway Station a mahaɗar Layi na 2 da na 5, Guangzhou East a mahaɗar na 1 da na 3, sai Guangzhou South a can ƙarshen Layi na 2, inda yawancin jirage masu gudun tsiya ke tashi. In ka sayi tikitin Shenzhen ko Yiwu, duba wacce aka rubuta a kai tun daren jiya. Daga ta tsakiyar gari zuwa ta kudu sai ka ba kanka fiye da rabin awa a metro kaɗai, ban da layin bincike da duba fasfo.

Ƙofar fita

Babbar tasha tana iya samun ƙofofi huɗu, shida ko fiye, an sa musu A, B, C, D, wasu ma an ƙara rabawa B1 da B2. Titunan garin faɗi gare su, da shinge a tsakiya, ba a tsallakawa sai ta gada ko ta ƙarƙashin ƙasa. Wanda ya fito ta ƙofar da ba ita ba zai iya hango kasuwar da yake nema ga ta can, amma ya yi minti goma sha biyar yana zagaye cikin zafi da gumi kafin ya kai. An ce baƙo ko da ido makaho ne, to a nan harafin ƙofa ne sandarsa. Bayan ka jefa faifanka, kar ka bi taro. Tsaya gaban allon bango mai jerin ƙofofi da tituna da gine-ginen da kowace ke kaiwa, ka nemo taka. Duk shagon da ka yi ciniki ka ji daɗinsa, karɓi katinsa, ka rubuta tasha da harafin ƙofa a bayansa da biro. In ka dawo Legas wani ya ce ka kwatanta masa wurin, hoton katin nan kawai za ka tura.

Kati ko waya

Faifan roba na kwana ɗaya ko biyu ne. In za ka yi mako, bin layin inji kullum ɓata lokaci ne. Akwai katin garin mai suna Yang Cheng Tong, wanda ake zuba wa kuɗi ana ɗorawa shiga da fita, kuma yana yi a bas. Akwai kuma lambar QR ta sufuri a cikin Alipay: ka zaɓi birnin Guangzhou, ka kunna ta metro, ka nuna wa gilashin ƙofa shiga da fita. Ni dai na fi natsuwa da kati, don ba ruwansa da caji. Mai amfani da waya ya riƙe abin cajin tafi-da-gidanka, domin in ta mutu kana ciki, sai ka je ɗan ofishin nan ka yi ta bayani da hannu. Ana kuma sayar da tikitin kwana ɗaya na yuan 20 da na kwana uku na yuan 50, ka hau iya son ranka. Ga mai yini a kasuwa ɗaya ba riba a ciki, sai ranar da ka ware don zagaya wurare kana duba farashi. Ku biyu ko uku ne, kowa da nasa. Ba a bin bayan wani a ƙofa.

Inda layukan ke kai ka

Kewayen Guangzhou Railway Station kasuwannin tufafi ne, irin su Baima, da na agogo a Zhanxi. Tasha ɗaya arewa, Sanyuanli, yankin jakunkuna da kayan fata. Masu yadi su nufi kasuwar Zhongda: Layi na 2 zuwa Changgang, a canza zuwa Layi na 8 ɓangaren Wanshengwei, a sauka a Sun Yat-sen University. Wannan layin dai shi ke kaiwa Xingangdong da Pazhou, inda ake baje kolin Canton, wanda aka fara tun 1957 kuma ake yi sau biyu a shekara, wajen Afrilu da wajen Oktoba. Zauren baje kolin yana da girman da sai ka san ɓangaren da za ka kafin ka zaɓi wacce za ka sauka a cikin tashoshin biyu. Masu tayil da kayan banɗaki da kujeru kuma Foshan suke zuwa, kuma metro ya haɗa garuruwan biyu: Layi na 1, mai ruwan ɗorawa, zuwa Xilang, daga nan layin Guangfo.

Ranar Juma'a, daga Guangzhou Railway Station tasha ɗaya ce kudu zuwa Yuexiu Park, kusa da masallacin Xianxian. Nan za ka ga jama'a daga Afirka da ƙasashen Larabawa da Musulmin Sin, da masu sayar da gurasa da gasasshen nama a hanya. Mutanen wurin suna danganta kabarin da ke ciki ga sahabi Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, ko da yake littattafan tarihinmu a Baƙi'a ta Madina suka ce an binne shi. Tsohon masallacin Huaisheng mai doguwar hasumiya kuwa yana kusa da Ximenkou: canza zuwa Layi na 1 a Gongyuanqian, tasha ɗaya ɓangaren Xilang. Babu wurin salla a cikin tashoshi, don haka tsara fitarka da lokacin Azahar da La'asar a ranka.

Cunkoso, kaya da zaman cikin tarago

Daga wajen 7:30 zuwa 9:30 na safe, da 5:30 zuwa 7:30 na yamma, ma'aikata ne ke da jirgin. Tashar Tiyu Xilu a wannan lokaci, in ba dole ba, kauce mata. Har shinge ake jerawa ana shigar da mutane kashi-kashi. Sa'ar ɗan kasuwa ita ce yawancin kasuwannin sari ba sa kankama da sassafe, saboda haka karya kumallo a natse ka fita bayan tara da rabi.

A ƙasa gaban kowace ƙofa akwai kibiyoyi: tsakiya na masu fitowa, gefe biyu na masu shiga. Tsaya a gefe. In tasharka ta kusa, matso bakin ƙofa tun jirgi bai tsaya ba, domin ba ya jiran mai nawa. Alhaji mai babbar riga ya tattare hannayenta a kafaɗa kafin ya hau matakalar lantarki, Hajiya ma ta ɗan ɗage bakin abaya ko dogon hijabi, don haƙoran matakalar suna kama yadi. Jakar baya a dawo da ita gaba, fasfo kuma a aljihun ciki. Doka ce baƙo ya riƙe fasfonsa, kuma a kewayen Xiaobei 'yan sanda kan tambaya. Ba a cin abinci a cikin tarago, ba a kunna murya ko wa'azi ko waƙa a fili, sa abin kunne. Mu kuma da muka saba waya da gida da ƙarfi kamar muna kiran wani a tsallaken titi, a ɗan sassauta. Za ka ga ana kallonka, wani yaro ma ya nuna ka da yatsa. Yawanci mamaki ne kawai, kar ka ɗauka da zafi. Kujerun da aka yi wa alama na tsofaffi ne da masu juna biyu da masu goyo.

Metro ba motar kaya ba ce. Ƙa'ida ita ce kada kayan mutum su wuce kilo 30, kuma babban ƙunshi tun a wurin bincike za a mayar da shi. Samfur da 'yar jaka, babu laifi. Sari kuwa, ka ba mai shago adireshin ɗakin ajiyar ejan ɗinka da sunanka da alamar da ake rubuta maka a kwali, shi zai aika, kai ka riƙe rasit ka tafi hannu sake.

Da dare, kowace tasha tana da allo mai nuna lokacin jirgin ƙarshe na kowane ɓangare, kuma lokutan sun sha bamban daga layi zuwa layi. In tafiyarka da canji a ciki, na layin ƙarshe za ka duba, ba na wanda ka fara hawa ba. In ya kuɓuce maka, fito ka kira mota ta Didi, manhajar kiran motar haya wadda ke cikin Alipay, ko ka tare tasi ka nuna wa direba hoton adireshin otel na rubutun Sinanci da ka ajiye, ka kuma tabbatar ya kunna mita kafin ya ja.